Muryar mawaƙiya tana sukar kunne idan ta ɗaga: ikwalaiza mai motsi ce maganin?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina aikin haɗa sauti, kuma akwai wata waƙa da ta hana ni sakat. Idan mawaƙiyar tana rera baiti a hankali muryarta garau take, amma da ta zo amshi ta ɗaga murya sai ta riƙa sukar kunne. Na sa ikwalaiza, wato abin rage ko ƙara ƙarfin wani yanki na sauti, na rage desibel 5 (ma'aunin ƙarfin sauti) a wajen 3 kHz (ma'aunin mita, wato kauri ko sirantar sauti). Sukar ta tafi, amma baitocin suka dushe, kalmomi ba sa fita sosai. Wani abokin aiki ya ce in nemi ikwalaiza mai motsi, wadda suke kira dainamik, wani kuma ya ce kwamfuresa mai zango-zango, wato abin da ke danne sauti idan ƙararsa ta yi yawa, ita ce ta dace. Mene ne bambancinsu, kuma yaya ake saita ta farkon? Sannan ko za ta iya raba min faɗan da bes (kiɗa mai kaurin sauti) da kik (bugun babbar ganga) suke yi a ƙasan waƙa?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka na farko ya fi kusa da gaskiya. Amma kafin ka ɗora kowane fulogin, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, buɗe fayil ɗin muryar, ka zuƙo hoton igiyar sautin a daidai wajen amshi. Idan ka ga kawunan igiyar a shafe, duk tsayinsu ɗaya, to sautin ya fashe tun wajen ɗauka, domin an buɗe wa makirufo fiye da kima. Wannan sukar babu ikwalaizar da za ta cire ta da kyau, gara a kira mawaƙiyar a sake ɗaukar amshin. Idan kuwa igiyar lafiyarta ƙalau, mu ci gaba.

Abin da ya same ka shi ne gudun gara da faɗawa gidan zago, kuma dalilinsa a fili yake. Idan mutum ya ɗaga murya, ba ƙarar ce kaɗai take ƙaruwa ba, launin muryar ma yana canzawa: ƙananan sautukan da ke bisa ainihin muryar suna ƙara ƙarfi fiye da na ƙasa. Su kuma suna taruwa ne a inda kunnen ɗan Adam ya fi ji, tsakanin 2 da 5 kHz. Ramin kunne kansa yana ƙara wa sauti ƙarfi a kusa da 3 kHz, kuma tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka auna suka nuna cewa kunne ba ya jin mitoci daidai da juna. Sai dai a wannan yankin ne kuma tsabtar kalmomi take. A baiti, 3 kHz abokinka ne, shi ke sa a ji abin da take faɗa. A amshi ya zama abokin gaba. Kai kuwa ka yanke masa hukunci ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshe.

Ikwalaizar da ka yi amfani da ita, mai suna faramitirik, wadda George Massenburg ya yi bayaninta a gaban taron injiniyoyin sauti na AES a 1972, abu uku take ba ka. Mita, wato wurin da za ka taɓa. Yawan ragi ko ƙari da desibel. Sai Q, wato faɗin wurin: ƙaramar lamba tana ɗaukar fili mai faɗi, babbar lamba tana tsukewa. Q na 1.4 yana rufe kimanin oktab ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin wata mita da ninkinta, Q na 4.3 kuwa kashi ɗaya cikin uku na oktab. Duk abin da ka saita haka yake zama, ko ana waƙa ko an yi shiru.

Mai motsi ita ma faramitirik ce, sai dai an ƙara mata kunne. Kowane zango, wato yankin mitar da ka ware, yana sauraron yankinsa kaɗai. Muddin ƙarfin sauti a yankin bai haura iyakar da ka sa ba, ba ta yin komai. Da ya haura sai ta rage, gwargwadon yadda ya haura, da ya sauko kuma ta saki. Iyakar nan ita ake kira tireshol. Renj shi ne mafi yawan desibel da ka yarda ta rage. Atak saurin kamawa ne, rilis kuma saurin saki, duka ana auna su da milisakan. Wasu suna da reshiyo, wato ma'aunin tsananin dannewa irin na kwamfuresa, maimakon renj, wasu suna da duka biyun. FabFilter Pro-Q 3, wadda ta fito a 2018 ta sa wannan salon ya bazu, ita take zaɓar atak da rilis da kanta. TDR Nova tana bar maka su a hannu, shi ya sa na fi so mai koyo ya fara da irinta, ya ji da kunnensa abin da kowane maɓalli yake yi.

Yanzu ga muryar taka. Cire ragin desibel 5 ɗin nan gaba ɗaya. Sa amshin ya riƙa maimaita kansa, tare da kiɗan, ba muryar ita kaɗai ba. Buɗe zango ɗaya, Q kamar 2 zuwa 3, ka yi yawo da shi tsakanin 2 da 5 kHz har ka tarar da wurin da ke cizo. A nan akwai tarko. Mutane suna ɗaga zango siriri da desibel 12 ko 15 suna yawo da shi, kuma a irin wannan ƙarin kowace mita muni take yi, sai ka ga mutum ya huda murya a wuri shida alhali ɗaya ne mai laifi. Fara jin sukar da kunnenka tukuna, ka riƙe ta a ranka, sannan ka je nemanta. Ya fi aminci ka yi yawon da ragi: inda ka isa ka ji sukar ta lafa, nan ne.

Kada kuma ka tsuke Q da yawa. Mawaƙiya tana hawa tana sauka, kuma duk lokacin da ta canza sauti, sautukan saman suna matsawa tare da ita. Zango mai Q na 10 zai kama sukar a kalma ɗaya ya rasa ta a kalmar da ke biye.

Da ka sami wurin, mayar da ragin zuwa sifili, ka kunna motsin. Sa renj a ragin desibel 3 ko 4. Sauko da tireshol a hankali har ka ga zangon yana lotsawa a kalmomin da take ƙure murya. Sannan, kuma wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, ka koma baiti ka zuba wa allon ido. A baiti layin ya kamata ya tsaya cik, ko ya ɗan girgiza jefi-jefi. Idan ka ga yana ƙasa tun daga farkon baiti har ƙarshe, to ka mayar da ita tsayayyar ikwalaiza, wadda ma ta fi ta da muni domin tana rawa. Ɗaga tireshol har ta saki baitin. Yawancin masu cewa ikwalaiza mai motsi tana kashe murya, a nan suka yi tuntuɓe.

Atak na milisakan 5 zuwa 10 mafari ne mai kyau ga irin wannan sukar, domin yana barin bakin kalma ya fita kafin ragin ya kama. Rilis ka fara da 80 zuwa 150. Idan ya yi gajere za ka ji muryar tana ƙyaftawa a tsakiyar dogon sauti, idan ya yi tsawo zai danne kalmar da ta biyo baya, wadda ba ta yi laifin komai ba. Waɗannan lambobi wurin farawa ne kawai, waƙa mai sauri tana son saki da wuri, mai jan rai tana jure jinkiri.

Tsinin haruffa irin su s, sh da ts wani ciwo ne daban, kuma yana sama, galibi tsakanin 5 da 9 kHz. Ba shi nasa zangon, mai atak na milisakan ɗaya ko biyu da rilis gajere, domin harafin ba ya daɗewa. Idan ka matsa masa da yawa mawaƙiyar za ta koma kamar mai tsamin baki.

Wurin da za ka ɗora ta a jere ma yana da tasiri. Tireshol yana kallon ƙarfin abin da ya shigo masa ne, saboda haka duk wani ƙari ko ragi da ka yi a gabanta daga baya zai rushe saitin, sai ka sake shi. Ni nakan sa zangon sukar kafin kwamfuresa, don kada kwamfuresar ta riƙa danne muryar gaba ɗaya saboda cizon wuri guda. Na tsinin haruffa kuwa sau da yawa bayan kwamfuresa ya fi aiki, domin ita ce take fito da shi.

Batun kwamfuresa mai zango-zango gajere ne. Ita yanka sautin take yi gida uku, huɗu ko fiye, ta matsa kowane gida, sannan ta sake haɗa su. Gidajen suna da faɗi, kuma a yawancin ƙirarta wuraren yankan suna ɗan karkata lokacin igiyar sauti ko da ba ta matsa komai ba. Tana da amfani idan yanki guda babba kake son riƙewa, misali duk ƙasan waƙa daga 120 Hz zuwa ƙasa a wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙa gaba ɗaya. Mai motsi ba ta yanka komai, tana iya tsukewa kan wuri ƙarami, kuma idan tana hutawa sautin yana wucewa yadda ya zo. Gaskiya a fulogin na yanzu iyakar da ke tsakaninsu ta fara shafewa, amma ga matsalarka, wuri ɗaya a murya ɗaya, babu dalilin yanka muryar gida huɗu.

Bes da kik kuwa, eh, tana raba su, kuma a ganina nan ne ta fi burgewa. Za ka ɗora ta a kan bes, amma ka sa kunnenta ya saurari kik ta hanyar da ake kira saidcen, wato siginar da ake turo mata daga wani layi. Nemo inda nauyin kik ɗinka yake, galibi tsakanin 50 da 80 Hz. Buɗe zango a daidai nan a kan bes, renj desibel 2 zuwa 4. Duk bugun kik, bes zai kauce masa a wannan mitar kaɗai, sauran jikinsa na sama yana nan ana ji. Wannan ya bambanta da tsohuwar dabarar danne bes gaba ɗaya da kwamfuresa, wadda ke sa waƙa numfashi sama-sama, sai fa idan numfashin kake so, kamar yadda wasu kiɗan rawa suke buƙata.

A ƙasan nan ka yi hattara da sauri. Igiya ɗaya ta 60 Hz tana cin kusan milisakan 17 kafin ta kammala zagaye. Idan rilis ɗinka ya yi kusa da wannan, ikwalaizar za ta riƙa bin igiyar kanta tana lanƙwasa ta, sai ka ji bes yana gurnani. Ka auna shi da saurin waƙar: a bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, to ka tabbata bes ya dawo cikakke tun kafin bugu na gaba, rilis na 100 zuwa 200 yakan isa. Kuma kafin duk wannan, juya folariti na ɗayansu, wato ka kifar da igiyar sautinsa sama ta koma ƙasa, ka saurara. Wani lokaci soke juna suke yi, maɓalli ɗaya ya gama maganar.

Wannan dabarar tana aiki tsakanin murya da kiɗa ma. Zango mai faɗi a kan jita ko fiyano, wajen 2 zuwa 4 kHz, yana sauraron murya, yana rage desibel ɗaya ko biyu kawai idan tana waƙa. Babu wanda zai ji ragin, amma za a ji kalmomin sun matso.

Akwai wuraren da ba nata ba ne. Gurnanin wutar lantarki a 50 ko 60 Hz yana nan kullum, tsayayyen ragi siriri ne maganinsa, ko ma a gyara wayar. Makirufo da ke da duhu a kowace kalma tsayayyen ƙari yake so. A dandali kuma kada ka dogara da ita wajen hana lasifika kuka, domin sai kukan ya fara take farkawa, wannan aikin gyaran mazaunin makirufo da lasifika ne da ragi tsayayye. Inda take da rana a dandali shi ne mai magana da ke matsowa yana ja da baya. Makirufo mai fuskantar gaba, irin Shure SM58, yana ƙara nauyin ƙasa idan baki ya matso shi. Zango a wajen 150 zuwa 250 Hz zai kama kumburin idan ya manna baki, ya saki idan ya ja baya. Manyan miksa na zamani irin na DiGiCo da Yamaha da Allen & Heath suna da ita a ciki saboda irin wannan.

Idan ka gama saiti, daidaita ƙarar da ta fita da wadda ta shiga, sannan ka riƙa kunnawa kana kashewa ba tare da kallon allo ba, domin kunne yakan zaɓi abin da ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. Idan fulogin ɗinka yana da maɓallin da ke jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai, danna shi a amshi. Ɗan tsini da ƙaiƙayi ya kamata ka ji, yana zuwa yana tafiya. Idan har kana gane kalmomin waƙar a cikin abin da aka cire, ragin ya yi yawa, ka ɗaga tireshol ko ka rage renj. Idan kuma ka lura kalma biyu ko uku ne kawai a duk waƙar suke motsa zangon, cire fulogin ɗin, ka bi su ɗaya-ɗaya ka rage musu da hannu a kan layin muryar.