Filin Tambayoyinku: Yaushe Ne Bakwit Ya Fi Tara Sinadarin Rutin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin gona a Aliero. An ambata mana wata shuka mai suna bakwit, aka ce sinadaran filabonoyid da ke cikinta suna hawa da sauka gwargwadon girmanta. A wane lokaci suka fi yawa, kuma shin za ta yi a fadamarmu ta Argungu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Bakwit asalinsa daga kudu maso yammacin ƙasar Sin ne, yau kuma Rasha da Sin ne kan gaba wajen nomansa. Ko da yake ana niƙa tsabarsa a yi gari, ba dangin alkama ko gero ba ne. Filabonoyid kuwa ba baƙi ba ne a gare ki, domin jan da ke cikin zoɓo da wanda dukawa ke samu daga karan dafi duk 'yan gidan nan ne. Wanda ya fi yawa a bakwit shi ne rutin.

Busasshiyar tsabar bakwit na gama-gari rutin kaɗan ke gare ta, amma da zarar ta tsira sai adadin ya yi sama cikin 'yan kwanaki, tare da wasu 'yan'uwansa irin su oriyentin da biteksin, waɗanda suka fi taruwa a ganyen farko na tsiron, sannan su ja baya idan shukar ta fara tasawa. Rutin shi kam yana ci gaba da taruwa har lokacin da shukar ta cika da fure, wato kamar mako 4 zuwa 6 bayan shuka, kuma a nan ne yake kai ƙololuwarsa. Fure da ganye ne ke riƙe da kaso mafi tsoka, kara kuwa kaɗan yake samu. Dalili shi ne rutin yana tare hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani, saboda haka shukar take jibge shi a sassan da rana ta fi duka. Idan tsaba ta fara nuna, ganye ya tsufa yana zuba, sai adadin ya sauka. Wannan ne ya sa a shekarun 1940, da aka rinƙa tatsar rutin daga bakwit a Amurka, ɗanyen ganye da fure ake yanka tun kafin tsaba ta ƙosa.

Akwai kuma wani iri mai ɗaci da ake kira bakwit na Tatar, wanda rutin ɗin tsabarsa ya ninka na gama-gari sau da yawa. Sai dai kada son rutin ya sa ki mayar da ganyen kamar zogale, domin yana ɗauke da sinadarin fagofirin, wanda yawan cinsa kan sa fatar mutum ko dabba ta kasa jure rana.

Batun Argungu kuwa, bakwit yana nuna cikin mako 10 zuwa 12, amma ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa irin ta shinkafa, kuma zafin da ya haura digiri 30 kan ƙona furensa ya hana shi ƙwaya. A ganina, in za ki gwada, ki nemi ɗan tudu mai jigawa ki shuka da ban ruwa a farkon hunturu, yadda zai gama fure kafin zafin Maris ya kawo jiki.