Amsa ga 'yar'uwar da ke Ingila, mahaifiyarta na cikin birnin Zariya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce aure ya kai ki Ingila, mahaifiyarki ta haura shekara 70, tana cikin birni wajen yayanki da matarsa, ga hawan jini ga ciwon suga. Kina turo kuɗi duk wata, amma duk kiran da kika yi sai ta ce "yaushe za ki zo?", shi ya sa kike tunanin ɗauko ta ta koma wajenki. Ni daga ɗaya ɓangaren zan amsa miki, don a namu gidan ni ce matar yayan. Surukata ta daɗe a hannuna a nan Zariya, sauran 'ya'yanta kuwa ɗaya na Jidda, ɗaya na Fatakwal, auta na Abuja.

Ɗauko ta dai ba na ba ki shawara. Bizar ziyara wata 6 take ba mutum, kuma mai irin wannan biza biya yake yi idan aka kwantar da shi a asibiti. Amma ko da takarda ta samu, duba abin da za ki raba ta da shi. A cikin birni tun da hantsi maƙwabta ke leƙowa gaisuwa, yau suna gobe ta'aziyya, ga almajirin da take ajiye wa tuwo, ga kiran salla daga masallacin unguwa. Ranar Hawan Daushe ko ba ta fita ba tana jin bindiga da tambari, jikoki na dawo mata da labari. Can kuwa ku fita aiki, yara su tafi makaranta, ta yini ita kaɗai, a watan Disamba kafin ƙarfe 5 duhu ya yi. Yanzu kewar mutum ɗaya take yi, can za ta yi kewar unguwa guda. Tamu ma da auta ta kai ta Abuja, gida mai kyau, ga mai aiki, ba a jima ba ta ɗaure kayanta ta ce a mayar da ita ɗakinta.

Abin da ya fi kayar da tsofaffinmu shi ne yanke magani. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, sai tsohuwa ta ce ta warke, ko magani ya ƙare a zauna jiran a turo kuɗi. Ki sa a riƙa saya tun na hannu bai ƙare ba, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba ta, kada a bar wa "duk wanda ke kusa". A sayi na'urar awon jini da ta suga, a ware littafi ana rubutawa, a tafi da shi ranar ganin likita. Idan awo yana yawan kai 140/90 ko sama, likita ya sani. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko aka ga tana karkarwa da zufa tana magana ba kai, a ba ta abu mai zaƙi nan take in tana iya haɗiya, sannan a nemi likita. Kuna da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan kusa da ku, ga kuma Asibitin Koyarwa a Shika inda ƙwararru suke. Ranar zuwa Shika sammako ake yi, kuma mai rakiya ya zama wanda ya san abin da take ci da yadda take kwana, ba yaron da ya iya tuƙi kawai ba.

Sai masu zuwa dubiya, Allah ya saka musu, amma kowa da maganin da ya warkar da gwaggonsa. Wannan ta kawo jiƙo, waccan ta aika kemis a haɗo na ciwon gwiwa. Irin su diclofenac suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda da ciki, kuma tsohuwa ba za ta gaya muku tana sha ba, sai dai a gani ƙarƙashin matashi. Gishiri da dunƙule kuwa ni miyarta nake ɗiba kafin in zuba, in ƙara mata daddawa. Ta yi mita, ta saba.

Da hunturu ku kula da kaskon wuta. Mai ciwon suga ƙafarta na iya daina ji, ta miƙa ta kusa da garwashi ta ƙone ba ta sani ba, kuma gyambon mai suga wuyar warkewa gare shi. Ruwan alwala wani ya fara taɓawa, kuma kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki a kwanta. Idan kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, mota za a nema, tofin a yi shi a hanya. Azumi ma sai an kai ruwa rana, don tsohuwa gani take in ta sha ta gaza. Mu ba mu iya da ita ba, sai da malamin da take girmamawa ya karanta mata aya ta 184 a Suratul Baƙara ya yi mata bayanin ciyarwa, sannan ta haƙura.

Yanzu ga wadda ba ki yi tambaya a kanta ba, matar yayanki. Ita ke tashi cikin dare, ita ke wanki, ita ke shan faɗa idan Hajiya ta tashi da ɓacin rai. Malamai sun ce jinyar uwar miji kyautatawa ce daga gare ta, wajibin a kanku 'ya'ya yake. Ki kira ta ita kaɗai ki tambayi lafiyarta da ta yaranta, ki aiko da abu da sunanta, kada a bi ta hannun yayanki. In da hali ki ɗauki albashin mai taya ta wanki da shara. Kuma don Allah idan Hajiya ta kawo miki ƙara a waya, kada ki kira kina ba da umarni daga nesa. Tsohuwa kan ce ba a ba ta abinci ba alhali kwanon na gabanta, mantuwa ce ko kuma an hana ta abin da take so. Tambaya za ki yi a hankali. Ki sani kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin da ya isa bara ba ya isa bana, in an ce miki bai kai ba, ba ci aka yi ba.

Cikin abin da kike turowa ki ware na hannun Hajiya, wanda babu mai tambayarta. Tsohuwar da ta saba bayarwa, ranar da jika ya gaishe ta ko aka yi haihuwa a maƙwabta ba ta da abin miƙawa, ranar take jin ta tsufa.

"Yaushe za ki zo?" kuwa amsarta rana ce. "In sha Allahu kwanan nan" ba ya kwantar da hankalin tsohuwa. Ki zauna da maigidanki ku tsayar da lokaci, ki gaya mata da lissafin da ta sani, bayan Babbar Salla ko watan Mauludi, za ki ga ta kama ƙirga da shiri. Amma kada ki faɗi abin da ba za ki cika ba. Kira ma ki tsayar masa da lokaci, misali bayan la'asar, ki tuna daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabanku da awa ɗaya. Ki riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp, tamu sai ta sa a maimaita mata na jikokinta na Jidda har batir ya mutu. Ki koya wa yaranki gaisuwa da Hausa. Kuma ki daina tsayawa a "ya jiki, an sha magani?" Ki nemi shawararta, ki tambaye ta wa ya yi aure, wa ya rasu, ta ji har yanzu ita ce uwa. Idan an ce ta daina ci, ba ta barci, tana yawan cewa ta gaji da duniya, a gaya wa likita, kada a ce tsufa ne kawai.

Masu cewa kin tafi Turai kin manta da uwarki ba za su ƙare ba, ki bar su. Amma zumunta a ƙafa take, zuwan ba shi da madadi. In kin zo, ko ta Kano kika sauka ko kika hau jirgin ƙasa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, a ɗakinta za ki kwana, ba gidan dangin miji a GRA ba. Ki rage yawon gaishe-gaishe, ki karɓi tashin dare matar yayanki ta samu barci. Idan ta fara maganar bashi da wasiyya kada ki katse ta da "haba Hajiya, daina faɗin haka", ki ɗauko takarda ki rubuta, ki kira yayanki ya ji. Kuma kafin ki sayi tikiti, ki tambayi ranar da aka ba ta ta komawa asibiti, ki daidaita zuwanki da ita, ki shiga wajen likitan da kanki.