Lissafin rediyo ba ya sayen tumatir

Wani mai sayar da takalma a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, mazaunin unguwar Aboabo, ya aiko da tambaya: "Na tara sidi 60,000. Na ji a rediyo wai kayan lambu da 'ya'yan itatuwan da muke ci a Gana ba su kai abin da likitoci suke so ba. Ina so in riƙa ɗauko tumatir daga Burkina Faso da rani. Tunda ƙasa na buƙata, ai riba tabbas ce ko?"

Malam, rediyo bai yi ƙarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowa ya ci aƙalla giram 400 a rana. Ƙidayar 2021 ta ba mu mutum miliyan 30.8, ka ga abin da ƙasa ke buƙata ya haura tan 12,000 kullum. Da rani kuma tumatir ɗin gida, na garuruwan Akomadan da Tuobodom, yakan ja baya, sai na Burkina.

To amma wa zai saya a hannunka? Ban ga sunan mutum ko ɗaya a wasiƙarka ba. Ka ɗauki abin da ya kamata mutane su ci ka mai da shi masu saye. Matar da ke Asawase da ta saba sayen tumatir huɗu ta ƙara da na gwangwani ba za ta sayi takwas ba don likita ya faɗa. Aljihunta ne ke yanke hukunci.

Takalmi yakan yi wata shida a shago yana jiran mai shi. Tumatir kwana uku ya yi maka yawa, ballantana ya sha rana tun daga Paga, iyakarmu da Burkina. Na san wani ɗan Zango da ya sauke kaya a Kumasi bai gaisa da sarauniyar 'yan tumatir, wato shugabar matan da ke sayar da shi, ba, alhali ƙungiyarsu ce ke tsara motar da za ta sauke da ranar da za ta sauke. Matan suka zuba masa ido. Ran na uku ruwa na bin ƙasan akwatuna, ya sayar wa masu abinci a kan abin da bai biya kuɗin mota ba. Shi ma da lissafin ƙasa ya zo, har da na'urar lissafi.

Kada ka taɓa 50,000. Ɗauki 10,000, ka samo masu dafa waake (shinkafa da wake) da gidajen abinci biyar da za su ce maka akwati nawa suke ɗauka a mako, ka saya musu a nan Kumasi wurin matan da suka san hanya. A kowane akwati goma ka ɗauka biyu sun lalace tun kafin ka sa farashi, ka rubuta wanda ya biya da wanda ya ce sai gobe. In damina ta faɗi, na gida ya cika kasuwa, farashi ya zube, mutanen nan biyar suna nan tare da kai, sai ka sake rubuto mini mu yi maganar Burkina.