Filin Marubuta: Mamaci Ya Dawo Ɗaurin Aure

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, Gemini da Claude, da yadda mai rubuta ƙagaggen labari zai ci moriyarsu ba tare da sun ɓata masa aiki ba. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sakin littafina shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp, yanzu na kai shafi na 62. Da ChatGPT nake tsara abin da zai biyo baya. Da farko lafiya lau, amma yanzu ta rikice: kishiyar da na sa wa Hajara ta koma Hadiza, mahaifin jarumata da ya rasu tun shafi na 9 sai ga shi yana ba da aurenta. Me ke jawo haka?
Daga wata marubuciya a Gwammaja, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Manhajar ba lalacewa ta yi ba, haka aka gina ta. Ba ta riƙe labari a ka yadda kike riƙe shi. Duk saƙon da kika tura, sai ta sake bin hirar da ke gabanta, sannan ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Abin da take iya dubawa a lokaci guda kuwa yana da iyaka. Idan hira ta yi tsawo, abin da aka faɗa da farko shi ke fara zubewa, kuma ko wurin bai cika ba, ta fi kula da farkon rubutu da ƙarshensa, tsakiya sai ta riƙa tsallake. Da ta rasa sunan kishiyar ba za ta ce ta manta ba, sai ta lalubo wanda ya yi kama da shi.

Mu masu Hausa abin ya fi saurin same mu. Ba da kalma take auna rubutu ba, da gutsattsarin kalma ne, waɗanda ake kira tokin. Kalmar Turanci ta yau da kullum sau da yawa tokin ɗaya ce, amma irin su “ƙwaƙwalwa” ko “ɗawainiya” sai an daddatsa su gida-gida. Saboda haka shafin Hausa ya fi na Turanci cin wuri, ga shi kuma mai amfani da manhajar kyauta wurin da ake ba shi bai kai na mai biya ba.

Maganinsa ki buɗe kundin labari a wajen manhajar, a Google Docs ko Word, kada ya wuce kalma 1,000. Ki fara da taurari: cikakken suna, shekaru a farkon labari, dangantaka, da shafin da mutum ya mutu ko ya bar gari. Ki ƙara abin da kowa ke kiran kowa, domin a nan labarin Hausa ya fi rikita na'ura. Mutum ɗaya ne, amma uwa na ce masa Babangida don kunyar suna, matarsa na ce masa Abban Khalil, ƙannensa na ce masa Yaya, a ofis kuma Injiniya. Idan ba ki bayyana ba, za ta ɗauka mutum huɗu ne. Sai lissafin lokaci: wace shekara, damina ko rani, azumi nawa aka yi tun farkon labari, cikin wance wata nawa, yaushe idda ta fara. Sai sirrika, wato wa ya san me, kuma tun shafi na nawa. A ƙarshe ki taƙaita kowane shafi a layi ɗaya ko biyu.

Duk bayan shafi biyar ki bar tsohuwar hira ki buɗe sabuwa. Ki liƙa kundin, ki liƙa shafuka biyu na ƙarshe cikakku, sannan ki yi tambayarki.

Inda kundin ya fi amfani ma shi ne bincike kafin saki. Ki ce mata: “Ga kundin labari, ga shafi na 63. Lissafo duk inda shafin ya saɓa wa kundin, tare da kwafo jimlar da ta saɓa ɗin kalma da kalma. Kada ki gyara komai.” Dalilin neman kwafen jimla shi ne takan ƙirƙiro kuskuren da babu shi, idan kika nemi jimlar a rubutunki ba ki gan ta ba, kin san shaci-faɗi ne. 'Yan guruf sun fi ta iya kama irin wannan, amma su sai shafi ya fita suke kamawa, kuma ba sa yi a asirce.

TAMBAYA: Na sa manhaja ta rubuta mini babi guda da Hausa. Ban ga kuskuren nahawu sosai ba, amma abokina ya ce kamar yana sauraron labaran duniya. Akwai yadda zan koya mata salona?
Daga wani malamin makaranta a Damagaram

AMSA: Malam, kunnen abokinka bai yi ƙarya ba. Mafi yawan Hausar da ke a buɗe a intanet labaran gidajen rediyo ce, da fassarar littattafan addini, da Wikipedia. Hausar ƙagaggen labari tana cikin ƙananan littattafan da aka buga a Kano, da guruf-guruf na waya, da bakin masu karantawa a rediyo, wuraren da na'ura ba ta cika isa ba. Ginin labari kuwa daga Turanci ta koye shi. Sai ta ɗauko wancan ginin ta lulluɓe shi da kalmomin Hausa.

Ka koma babin da jan biro, za ka ga alamun. Za ka tarar da “zuciyarta ta nutse” inda Bahaushe zai ce gabanta ya faɗi, da “ya ɗauki dogon numfashi” a maimakon ya sauke ajiyar zuciya. Za ka ga “ka” ta koma “ki” a tsakiyar magana. Za ka ga lanƙwasa ta ɓace daga wasu haruffa, baƙi sun zama baki, ƙafa ta zama kafa. Kai da kake Nijar kana da ƙarin aiki, domin za ta ja ka zuwa daidaitacciyar Hausar Najeriya: inda kuke rubuta ƴ ta rubuta 'y, lakwal da mushe kuma su ɓace daga bakin yaron Damagaram, ya koma magana kamar ɗan Fagge.

Wannan duk gyaran sama ne. Babbar ɓarnar tana cikin ɗabi'a. Na'ura ba ta san kunya ba. Za ta sa budurwa ta dubi tsabar idon mahaifinta ta ce “Baba, ina son sa”, alhali a gidan Bahaushe wannan saƙon ta bakin gwaggo ko kaka yake bi, ko kuma ta hanyar shiru da sunkuyar da kai, wanda kowa a ɗakin ya san fassararsa. Za ta sa amarya ta kira surukarta da suna. Gaisuwar da ya kamata ta ɗauki layi shida, wadda a cikinta mai karatu zai gane akwai ƙullalliya tsakanin mata biyu, sai ta dunƙule ta a “suka gaisa”. Taurarinta kowa na faɗin abin da ke ransa kai tsaye, ba habaici, ba zaurance, ba gugar zana. Kuma tana da son sulhu: ka ba ta rigimar gado, kafin ƙarshen babi kowa ya nemi gafarar kowa.

Karin magana kuma ka yi hattara ƙwarai. Takan haɗa rabin wannan da rabin wancan ta fito da abu mai daɗin ji wanda ba Bahaushen da ya taɓa faɗa. Duk wanda ba ka taɓa ji a bakin manya ba, kuma ba ka gan shi a littafin da ka yarda da shi ba, goge shi.

Batun koya mata salo, ana samun ɗan sauƙi. Ka ba ta kalma 800 zuwa 1,000 na rubutunka da ka fi so, ka haɗa da jerin maganganun da ka hana. Sakin layi biyu ko uku na farko za su yi kama da kai, daga nan ta zame ta koma hanyarta. Ra'ayinmu shi ne ka bar jimla a hannunka. Lokacin da za ka ɓata wajen tsince Turanci daga babinta ya fi wanda za ka rubuta naka.

Ka ba ta aikin da ta iya. Idan labari ya cije, nemi hanyoyi goma na warware ƙullin, ka watsar da uku na farko domin su ne kowa zai fara tunani. Ka sa ta yi maka tambayoyi ashirin game da mugun da ke cikin labarinka, kai kana amsawa. Ka sa ta nuna inda babi ya yi sanyi, ko kalmomin da kake yawan maimaitawa. Kada dai ka tambaye ta “ya kika ga babin nan?”, don za ta yabe shi ko da shirme ne. Ce mata ta kawo rauni uku mafi girma, da hujja daga cikin rubutun.

TAMBAYA: Labarina a Kano yake, lokacin zuwan Turawa. Zan iya dogara da manhaja wajen binciken tarihi?
Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya

AMSA: Manyan abubuwa takan dace: Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 Sarki Alu ba ya gari, aka naɗa Abbas, aka yi yaƙin Burmi a Yulin shekarar, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma marubuci ƙananan abubuwa yake nema: nawa ake sayar da turmin zane da wuri, wace ƙofa fatake daga arewa ke shigowa, me bawa ke kiran ubangijinsa. A nan take cike giɓi da ƙirƙira, da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya. Har sunan littafi da lambar shafi za ta iya ba ka, ka je ka tarar ba a taɓa rubuta shi ba.

Ka ɗauki amsarta a matsayin jerin abin da za ka bincika. Kashim Ibrahim Library na nan kusa da kai, ga Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga Gidan Makama a Kano. Idan labarin ya taɓa saki, idda ko rabon gado, malamin fiƙihu za ka tambaya. Manhaja kan gauraya mazhabobi, masu karatunka kuwa Malikiyya suka sani.

TAMBAYA: Na rubuta littafina da kaina, amma bangon manhaja ce ta zana, kuma ina so ta fassara shi zuwa Turanci in sa a Amazon. Haƙƙin mallaka na nan? Dole ne in faɗa?
Daga wata Hajiya a Kumasi

AMSA: Hajiya, tun Satumbar 2023 Amazon ke tambayar duk mai ɗora littafi a KDP, wato dandalinta na wallafa littafi da kai, ko akwai abin da na'ura ta samar a ciki, kuma tambayar ta haɗa da rubutu, hoto da fassara. Sun raba abin biyu. Wanda na'ura ta ƙirƙira dole a bayyana shi, ko da an yi masa gyara mai yawa daga baya. Wanda mutum ya rubuta da kansa, na'ura ta taya shi gyara ko ba da shawara, ba sai an bayyana ba. Bangonki da fassararki duk suna rukunin farko.

Game da haƙƙi, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke a Fabrairun 2023, kan wani littafin zane-zane, cewa rubutun marubuciyar da yadda ta jera hotunan suna da kariya, amma hotunan da manhajar zane ta Midjourney ta zana ba su da ita. A Janairun 2025 ofishin ya sake bayyana cewa ba da umarni kaɗai bai isa ya mai da mutum mai aikin ba. Ke nan asalin littafinki na Hausa naki ne, amma bangon, idan wani ya ɗauka, ƙararki ba ta da ƙarfi a can. Ɗanyar fassara ma haka, sai gwargwadon aikin hannunki a cikinta. Ki nemi wanda ya ji harsunan biyu ya zauna da ita jimla-jimla, domin kalmomi irin su kara, kawaici da gara su ne na'ura ke fara kashewa.

Masu shirya gasa da mujallu kowa da dokarsa. Mujallar Clarkesworld ta Amurka ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci a Fabrairun 2023 saboda ambaliyar rubutun na'ura. A Japan kuwa marubuciya Rie Kudan ta ci lambar adabi ta Akutagawa a Janairun 2024, ta ce kusan kashi 5 cikin 100 na littafin daga ChatGPT ya fito, kuma ba a ƙwace lambar ba. Saboda haka kafin ki tura aiki Hikayata ta BBC Hausa ko wata gasa, ki karanta sharuɗɗan shekarar, in ba a ambaci batun ba ki rubuta ki tambaya.

Ki adana hujjar aikinki: littafin da kika fara rubutu da hannu, da tsoffin kwafe masu kwanan wata. Google Docs na ajiye tarihin kowane gyara da kansa. Kuma kafin ki liƙa littafin da bai fita ba a kowace manhaja, ki shiga saitinta ki kashe izinin amfani da hirarki wajen horar da ita, sannan ki riƙa ba ta babi-babi, kina ajiye asalin a wayarki da kuma wani wuri daban.