Amsar tambayar Yaya kan yaron nan da maganar likitanci a Amurka

Yaya barka da warhaka, ya iyali, ya Hajiya da ƙafa? Na saurari saƙonka har ƙarshe kuma na gane abin da ke cin ranka, yaron nan ya fito da GPA 2.5, wato matsakaicin maki a kan 4.0, a shekararsa ta farko a jami'a nan Amurka, wani ya ce maka ai shi ke nan likitanci ya wuce shi, a canja masa kwas kawai a huta da asara. Wanda ya gaya maka haka da mudun gida ya auna.

Can gida daga sakandare yaro yake rubuta JAMB ya faɗa likitanci kai tsaye, in ya zame a ajin farko a tura shi wani sashen. Nan kuwa sai ka gama digirin farko na shekara huɗu tukuna, a kan duk abin da ka ga dama ko da tarihi ne, muddin ka haɗa da darussan da suke nema, bayoloji, kemistiri, oganik, fiziks da sauransu, sannan ka nemi makarantar likitanci ita ma shekara huɗu, sannan horon asibiti shekara uku zuwa bakwai. Ka ga yaronka bai ma isa bakin ƙofar ba balle a ce an rufe masa ita.

Amma bari in gaya maka mai ɗacin, don ba na son in yi maka daɗin baki. Maki ba ya gogewa a ƙasar nan. Akwai wata cibiya da kusan kowa ke bi ta cikinta wajen cike fom, AMCAS, ita take karɓar takardun duk wata makarantar gaba da sakandare da ka taɓa zama ta sake lissafa maka GPA da kanta, kuma ko da jami'arka ta yarda ka maimaita kwas ta share F ɗin daga nata lissafin, su sai sun ƙirga duka biyun, tsohon da sabon. A da ɓangaren DO, wato makarantun da ke ba da ɗaya digirin likitan da ake da shi a nan ban da MD da aka fi sani, suna ɗaukar sabon su watsar da tsohon, amma sun daina tun 2017, kuma har yau za ka ji wasu manyanmu a nan suna ba yara wannan tsohuwar shawarar wai ka maimaita kawai ya goge. Texas ce na san tana da dokar da ke ba ɗan jiharta damar ajiye makin da ya kai shekara goma, to wa zai jira shekara goma.

Ga lissafin yadda yake. A ce ya yi kiredit 30, wato ma'aunin nauyin kwas, a kan 2.5, sauran kiredit 90 da suka rage ya riƙe 3.8, zai kammala da kusan 3.5. Waɗanda ake ɗauka a makarantun MD matsakaicinsu yana wajen 3.7 zuwa 3.8, don haka yana ƙasa, ba musu. Sai dai fom ɗin ba lamba ɗaya yake nunawa ba, yana rarraba makin shekara-shekara, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, kuma yana ware na darussan kimiyya da lissafi daban. Mai dubawa in ya ga 2.5 sannan 3.6 sannan 3.9 sannan 3.9, labari ɗaya yake karantawa, in ya ga wanda ya fara da 3.9 ya gangaro 3.1 wani labarin ne daban ko da jimillarsu ta zo ɗaya. Abin da suke son sani shi ne, yau in an jibga maka karatu mai nauyi za ka ɗauka? Shi ya sa manyan darussan shekarun ƙarshe irin su bayokemistiri da fiziyoloji suka fi yi masa magana.

Sai MCAT, jarabawar shiga. Wuni guda ake yi a kanta, sama da awa bakwai a gaban kwamfuta, kashi huɗu ce, makin daga 472 zuwa 528, waɗanda ake ɗauka galibi suna wajen 511 zuwa 512. Yaron da GPA ɗinsa ke ɗingishi wannan ce sandarsa. Kuma a nan ne gaggawa take kashe yaranmu, don duk zaman da ka yi makarantu suna gani, kuma sau bakwai kacal aka yarda mutum ya zauna a rayuwarsa. Ba irin abin nan ba ne na "je ka gwada sa'arka", sai ka ga gwajin da kake yi a gida ya kai inda kake so kafin ka biya kuɗin zama. Kashin da ya fi wahalar da yaran da suka girma a gida ba kimiyyar ba ne fa, wanda ake ba ka dogon rubutu kan falsafa ko tarihi ka fito da nufin marubucin ne, wanda haddar littafi ba ta fisshe ka.

In an gama digiri makin bai kai ba, akwai abin da ake kira fos-bak, wato ƙarin darussan digirin farko na shekara ɗaya ko biyu, wasu a tsararren shiri wasu kuma su yi rajista da kansu a jami'ar jiharsu don ya fi araha. Akwai kuma mastas na musamman inda kake zama aji ɗaya da ɗaliban likitanci, jami'ar Georgetown ta fara nata tun 1975. Ni wannan na biyun ina tsoronsa wa yaron da bai gyara yadda yake karatu ba, yana da tsada sosai, kuma in ka sake zamewa a can ka ba su shaida da hannunka.

Kada kuma a raina DO. Mutanenmu da yawa suna ganin kamar ba cikakken likita ba ne, alhali yana rubuta magani yana yin tiyata a duk jihohi, kuma tun 2020 horon asibitinsu ya koma ƙarƙashin tsari ɗaya da na MD, makin da suke ɗauka kuma ya ɗan fi sauƙi. Makarantun tsibiran Karibiyan su ne zan ce a taka a hankali, shiga ba wuya, amma ana zubar da ɗalibai a hanya da bashi a wuyansu.

Yanzu in zo kan namu na cikin gida, don a nan gizo ke saƙar. Yawancin yaranmu da ke faɗuwa a shekarar farko ba daƙiƙai ba ne. Yaro ne yana aikin dare a gidan mai ko sito, ya tashi ƙarfe shida na safe ya shiga ajin kemistiri ƙarfe takwas da jan ido, don yana son ya taimaka da haya ya kuma tura wani abu gida kada a ce ya zo Amurka ya manta da mutane. Ga kunya. Malamin yana da awannin da yake zama a ofis ƙofa a buɗe yana jiran mai tambaya, yaran wasu suna shiga suna fita, namu yana ganin rashin ladabi ne ya je ya dami babba. Kuma akwai ranar da in ka janye daga kwas kafin ta wuce W kawai za a rubuta maka wanda ba ya shiga GPA, amma namu gara ya zauna ya ci F da ya zo ya ce Anti na kasa. Wannan ne ya sa yanzu iyaye a nan muka fara tambayar yara tun tsakiyar zango, ba sai sakamako ya fito ba.

Abin da 'yan gida suka fi kasa ganewa shi ne shekarun da ke tsakanin digiri da shiga. A nan abu ne da aka saba, yaro ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki a asibiti, yana rubuta wa likita bayanan marasa lafiya ko yana bin motar ɗaukar marasa lafiya, kuma wannan yana cikin abin da makarantu ke dubawa. Iyayenmu mata da ke aikin nas da kula da tsofaffi su suke buɗe wa yara wannan hanyar, in kuma akwai likita a masallaci bayan Juma'a za ka ga an kewaye shi ana roƙo ya bar yaro ya bi shi ya ga aiki. Amma daga gida sai waya, wai har yanzu? Wance ta gama ta yi aure. 'Yan mata sun fi shan wannan, wlh na ga wadda ta haƙura saboda surutu ba don maki ba.

Maganar kuɗi, masu gamawa da bashi galibi suna fita da wajen dala 200,000, kuma da ruwa a kansa, wanda har yau ana kai ruwa rana a kai tsakanin mutanenmu, kowa da malamin da yake bi. Akwai 'yan makarantun da suka cire kuɗin karatu, ta Jami'ar New York (NYU) tun 2018, da makarantar likitanci ta Albert Einstein da ke unguwar Bronx a 2024, sai dai rububinsu ba kama hannun yaro. Sa'ar yaronka yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, don mai bizar ɗalibi makarantu kaɗan ne ke kallonsa kuma ba ya samun bashin gwamnati. Duk shekara sama da mutum 50,000 ke nema, waɗanda ke shiga ba su kai rabi ba, har da masu maki mai kyau a cikin waɗanda ake bari.

Mun zauna da shi ni da Baban yara. Zai rage awannin aiki, zai sake kemistirin da ya samu D tunda yawancin makarantu C suke nema a irin waɗannan darussan, kuma ba zai haɗa manyan darussan kimiyya uku a zango ɗaya ba. Abin da nake roƙo daga wajenka Yaya, ka gaya masa da bakinka cewa ba ka jiran kuɗinsa a shekarun nan, don ni na faɗa bai yarda ba, kuma a daina kiransa Dokta a gurup ɗin gida. A gaida min Hajiya da Anti.