Me ya sa kamfanonin wasan bidiyo na Japan suke fifita wata na'ura a kan wata?

Tambaya: Na lura cewa wasannin Japan da yawa suna fitowa a PlayStation ko Nintendo kaɗai, ba a cika ganinsu a Xbox ba. Shin kishin ƙasa ne ya jawo haka, ko akwai wani dalili?

Amsa: Kishin ƙasa bai taka wata rawar a zo a gani ba a wannan sha'ani, domin kamfanonin Japan sun sha juya wa junansu baya idan lissafi ya canza. Abin da suke dubawa shi ne kuɗin da haɗa wasan zai ci, da yawan mutanen da suka mallaki na'urar, da kuma wanda zai ɗauki nauyin aikin.

Misali mafi shahara shi ne na kamfanin Square, wanda ya fitar da Final Fantasy shida na farko a na'urorin Nintendo. Da Nintendo ya kawo na'urar Nintendo 64 a 1996, sai ya dage a kan kaset maimakon faifan CD, alhali kaset mafi girma bai wuce megabait 64 ba, faifai guda kuwa yana ɗaukar kusan 650. Bayan ƙarancin wuri, kaset yana da tsada, bugunsa yana ɗaukar lokaci, kuma dole kamfani ya yi oda ta hannun Nintendo tun kafin ya san yadda kasuwa za ta karɓi wasan. Saboda haka Square ya koma wajen Sony, ya fitar da Final Fantasy VII a PlayStation a watan Janairun 1997 a kan faifai uku. A wannan watan ne Enix ma ya sanar da cewa Dragon Quest VII zai fito a PlayStation, kuma a ganina daga nan ne kasuwar Japan ta wancan zamani ta kuɓuce wa Nintendo 64.

Dragon Quest ya daɗe da al'adar bin na'urar da ta fi yawa a hannun jama'a, shi ya sa kashi na tara ya fito a ƙaramar na'urar hannu ta Nintendo DS a 2009, duk da cewa akwai na'urorin da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Na'urar hannu tana da farin jini a Japan, inda mutane da yawa suke shafe lokaci mai tsawo a jirgin ƙasa. Capcom ma ya bi wannan hanya da Monster Hunter, daga PSP, na'urar hannu ta Sony, zuwa 3DS, na'urar hannu ta Nintendo, har sai da ya sa ido a kan kasuwar Turai da Amurka, ya fitar da Monster Hunter: World a 2018 a PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta, wasan da ya zama mafi ciniki a tarihin kamfanin.

Game da Xbox kuwa, Microsoft ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zuba kuɗi a Mistwalker, kamfanin Hironobu Sakaguchi wanda ya ƙirƙiro Final Fantasy, aka fitar da Blue Dragon a 2006 da Lost Odyssey a 2007, amma Xbox 360 bai kai miliyan biyu ba a Japan. Ƙaramin kamfanin da masu sayen wasansa suke cikin gida ba zai ga ribar kashe kuɗin mayar da wasan kan na'urar da 'yan tsiraru suka mallaka ba. Wani lokaci kuma mai na'urar ne yake biya, kamar yadda Nintendo ya ɗauki nauyin Bayonetta 2, wanda ya sa wasan ya fito a Wii U kaɗai a 2014.

Yanzu dai al'amarin yana sauyawa, domin haɗa babban wasa ya yi tsadar da masu na'ura ɗaya ba sa isa a mayar da jari. Bayan Final Fantasy XVI da Final Fantasy VII Rebirth sun fara fitowa a PlayStation 5 kaɗai, cinikinsu kuma bai kai abin da aka yi tsammani ba, Square Enix, wato kamfanin da Square da Enix suka zama bayan sun haɗe, ya sanar a watan Mayun 2024 cewa zai riƙa rarraba manyan wasanninsa a Nintendo da PlayStation da Xbox da kwamfuta, kuma Final Fantasy XVI ya isa Xbox a watan Yunin 2025.