Kafin ka nemi kuɗin mutane, filin nan na wane ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, na daɗe ina sayar da injinan jiragen ruwa da kayan gyaransu. Yanzu ina son kafa ma'aikatar ƙera jiragen ruwa masu inji da gyara su. Kawuna yana da fili a bakin ruwa, ya ce in yi amfani da shi yadda na ga dama tunda ni ɗansa ne. Na share wurin, har na fara zuba kankare da kuɗina, kuma abin da ke hannuna bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aikin ba. Na yi wa wasu abokaina alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari tun shekarar farko, amma suna ta jan ƙafa, banki kuma ya ƙi saurarona. Na karanta cewa wanda ya kafa Hyundai da hoton bakin teku kawai ya samo bashi. Ta yaya zan shawo kan masu kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka dakatar da zuba kankaren nan yau. Ko buhun siminti ɗaya kada a ƙara kaiwa wurin sai ka gama abin da zan faɗa maka.

Kana ganin damuwarka rashin iya lallashin masu kuɗi ce. Ni kuwa da na karanta wasiƙarka, wuri ɗaya idona ya tsaya: "ya ce in yi amfani da shi." Ya ce. Ina takarda? Shekara nawa ya ba ka? Nawa ne haya? Idan ya rasu, wa zai riƙe maganar? Abokanka da ke jan ƙafa sun hango abin da kai ba ka hango ba, kunya ce kawai ta hana su faɗa maka. Bankin ma ba ƙinka yake yi ba. Ma'aikacinsa ya nemi abin da zai riƙe a matsayin jingina, ya duba, ya tarar babu.

Ka san bambancin wannan sana'a da wadda ka saba? Injinan da kake sayarwa, in mai shago ya tashe ka, mota za ka kira ka kwashe kayanka. Ma'aikatar jiragen ruwa kuwa yawancin dukiyarta binne take a ƙasa da cikin ruwa: gangaren kankaren da ake jawo jirgi zuwa tudu, turakun da aka kafa don ƙasa ta ɗauki nauyi, katangar bakin ruwa, yashe mashigar jirgi, harsashin injin ɗaga kaya. A ƙiyasina, ƙaramar ma'aikata irin taka rabin jarinta ko fiye a nan zai tafi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da za ka ɗauka ka tafi da shi. Duk abin da ka zuba ya zama ƙarin daraja ga filin kawunka. Yanzu kuma kana neman wasu su kawo kashi uku cikin huɗu su zuba a wuri guda, bisa maganar baka wadda ba su ma kasance a wurin ba lokacin da aka yi ta.

Ban ce kawunka macuci ne ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya ba ka. Amma jarin irin wannan aiki yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin ya dawo, kuma a tsawon wannan lokaci mutum yakan tsufa, yakan ci bashi, yakan yi rashin lafiya, yakan rasu. Na taɓa ba wani mai gyaran jirage shawara, wanda ya gina wurinsa a filin surukinsa. Shekaru suna zaman lafiya, aiki yana tafiya, har ya sayi babban winci, wato injin jawo jirgi zuwa tudu, ya faɗaɗa gangaren. Da surukin ya rasu aka zo rabon gado, filin ya faɗa hannun magada da yawa, kuma a lokacin darajarsa ta ninka saboda ginin da shi mai gyaran ya yi da guminsa. Wasu suka ce a sayar, wasu suka yanka masa hayar da ba zai iya biya ba. Babu wanda ya yi masa ƙarya, babu wanda ya saci komai, kowa haƙƙinsa ya nema. Ya kwance winci da injinan walda ya fita, kankaren yana can har yau. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutum biyu da suka ba shi kuɗinsu amana, waɗanda ba su da hanyar karɓar komai. Zumuncin da aka ƙi rubuta takarda don kare shi, shi ne farkon abin da ya lalace.

Ga abin da za ka yi. Ka je wurin kawunka da ladabi, ka ce masa masu zuba jari ba za su sa kuɗi ba sai da takarda, wanda kuwa gaskiya ne. Ka fara yi wa kamfanin rajista, don yarjejeniyar ta kasance tsakanin kamfani da mai fili, ba tsakanin ɗa da kawu ba. Sannan a zaɓi ɗaya cikin uku: ko ya sayar wa kamfanin filin, ko ya shigo da shi a matsayin nasa hannun jarin bayan masani ya yi masa ƙima, ko ya ba da haya mai tsawo. In haya ce, ni ba zan yarda da ƙasa da shekara 25 ba, kuma a rubuta yadda kuɗin hayar zai riƙa ƙaruwa, a rubuta cewa yarjejeniyar ta hau kan magada da duk wanda ya sayi filin, a rubuta cewa kamfani na da ikon jinginar da hayar ga banki, a rubuta abin da za a biya ka na gini in aka rabu. Lauya ya tsara, a yi mata rajista a hukumar filaye, kuma manyan 'ya'yansa su sa hannu a matsayin shaidu. Kada ka raina wannan na ƙarshe. Da su za ka zauna gobe.

Akwai kuma abin da ko kawun naka ƙila bai sani ba. A ƙasashe da yawa gaɓar ruwa da ƙasan ruwan ba mallakar mai filin da ke kusa ba ne, suna ƙarƙashin gwamnati ko hukumar tashoshi da hanyoyin ruwa. Takardarsa na iya tsayawa tun kafin inda gangarenka zai shiga ruwa. Sai lauyan ya duba iyakar, ya gano wa ke ba da izinin gini a gaɓa, da izinin yashe, da na muhalli, domin tsatsar da ake gogewa da fenti da tsohon mai duk abubuwa ne da hukuma ke sa wa ido. Ka kuma sa a auna zurfin ruwan a lokacin da ya fi janyewa. Wurin da jirgi ba ya iya shiga wata huɗu a shekara, albashin ma'aikata ba ya tsayawa a watannin.

Yanzu labarin Hyundai da ya ɗauke maka hankali. Gaskiya ne Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin, ya je Landan a 1971 neman bashi alhali wurin da zai gina ma'aikatar ƙera jiragen a garin Ulsan na Koriya ta Kudu bakin teku ne fayau. Amma masu ba da labarin sukan tsallake rabinsa. Mutumin yana da katafaren kamfanin gine-gine wanda ya yi aiki a babbar hanyar Seoul zuwa Busan. Gwamnatin Koriya ta Kudu tana bayansa, ita ce ma ke matsa masa ya shiga harkar. Kuma duk da haka kuɗin bankin Barclays bai fito ba sai da ya samo mai saye: attajirin jiragen ruwa na Girka, George Livanos, ya sa hannu a kan odar manyan jiragen dakon mai guda biyu. Aka fara gini a 1972, aka kammala a 1974. Ko shi ɗin bai tsira ba, don bayan rikicin mai na 1973 wasu masu oda sun ƙi karɓar jiragensu, dole ya kafa kamfanin sufurin ruwa a 1976 ya riƙa aiki da su. Kai kana da gwamnati a bayanka? Kana da wani kamfanin da zai haɗiye jirgin da aka ƙi karɓa? Na gaji da jin ana kawo wannan labari a matsayin hujjar cewa ƙarfin hali kaɗai ya isa.

Alkawarin kashi 30 ɗin nan kuma ka janye shi. Shekarar farko a gini da neman izini za ta ƙare, babu ribar da za a raba. Daga ina za ka biya? Daga uwar kuɗin, ko daga kuɗin wanda ya shigo daga baya, kuma daga ranar da ka fara haka ka kama hanyar kotu. Wanda ka yanka wa adadi tabbatacce mai bin ka bashi ne, ko da ka kira shi abokin tarayya. Mai zuba jari na gaske ya san zai ci riba ko ya ɗauki asara, kuma in ya ji an ce kashi 30 tun shekarar farko a aikin ƙarfe da kankare, sai ya gane mai maganar bai yi lissafi ba. Faɗa musu gaskiya: shekara biyu ko uku babu rabo, ga kason kowa a rubuce, ga littafin da akanta na waje zai riƙa dubawa, ga yadda mutum zai sayar da hannun jarinsa in yana son fita.

Ƙera sabon jirgi ma ka ajiye shi tukuna, kuma dalilin yana komawa kan filin nan. Mai odar jirgi yakan biya kashi-kashi: ranar sa hannu, ranar fara yankan ƙarfe, ranar kafa ƙashin bayan jirgin, ranar sa shi a ruwa, da ranar miƙawa. Mai hankali ba ya ba da kafin alƙalami sai banki ya rubuta masa lamunin cewa in ka kasa, za a mayar masa da kuɗinsa. Bankin kuwa ba zai rubuta wannan lamuni ba sai ya riƙe jingina. Wace jingina gare ka? Ba fili, ba lamuni. Ba lamuni, ba oda mai tsoka. In kuma kasuwa ta yi sanyi, masu saye kan tura kaso mafi girma, har kashi 60, zuwa ranar miƙawa, sai ya zama kai ne ke sayen ƙarfe da inji da biyan masu walda na tsawon watanni daga aljihunka, a kan farashin da aka riga aka ƙayyade. Ƙarfe ya tashi, asararka ce. Ka makara, akwai tara. Manya ma wannan ya kayar da su: ma'aikatar ƙera jirage ta kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu da ke Subic a ƙasar Filifin ta nemi kariyar kotu a watan Janairun 2019, bankunan ƙasar kaɗai suna bin ta sama da dala miliyan 400. Ka tuna kuma Sin da Koriya ta Kudu da Japan su ke ƙera fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyin jiragen duniya, saboda haka fagen ƙaramin maƙeri shi ne ƙananan jiragen fasinja, na kamun kifi, na ja da na dakon kaya a kusa da gida.

Gyara shi ne ƙofarka. Jirgi na ruwa dole ya fito tudu: ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wajabta a duba ƙasan jirgin dakon kaya aƙalla sau biyu cikin shekara 5, ƙananan jirage kuma hukumomin ƙasarsu da kamfanonin inshora suna da nasu sharuɗɗan. Ko babu doka, tsatsa da farfela da ta lanƙwashe za su kawo su. Aikin gyara kwanaki ne ko makonni, kuɗi na juyawa, kuma jarin farawa bai kai rabin abin da ka tsara ba: gangare ɗaya, winci, injinan walda, janareta, da ƙwararren shugaban aiki wanda masu jirage suka yarda da hannunsa. Sharaɗi ɗaya kawai, jirgi ba ya komawa ruwa sai an biya, ko da na amini ne. Ka kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da ka tara don gudanar da aiki, kada ka binne shi duka a gini.

Babbar kadararka ma ba ka ambace ta a matsayin kadara ba. Shekarun da ka yi kana sayar da injina sun sa ka san masu jirage ɗaya bayan ɗaya, ka san wanda ke biya da wanda ke kwana da bashi, ka san inda suke kai gyara da tsawon lokacin da suke jira. Littafin cinikinka na shekara uku da suka wuce ya fi kowane zane mai kyau tasiri a gaban banki. Ka zaɓi biyar ko shida daga cikin masu jiragen da suka fi yawa, kowanne ya rubuta maka adadin jiragen da zai riƙa kawowa a shekara. Su ne ma mutanen farko da ya kamata ka yi wa tayin hannun jari, don ribarsu biyu ce: rabon ƙarshen shekara, da jirginsu da ba zai yi wata yana jiran layi ba. Bayansu sai masu sayar da manyan injina, waɗanda kan ba da kaya a biya a hankali tunda kayan da kansu jingina ne. Banki shi ne na ƙarshe, bayan ka yi shekara kana aiki da lissafi a rubuce.

Amma duk wannan yana bayan takardar fili. In kawunka ya amsa, alhamdu lillahi, cikin 'yan watanni za ka koma wurin abokan nan da abin nunawa. In ya ce ai tsakaninku babu bukatar rubutu, ka sake roƙonsa sau ɗaya ta hannun wani babba da yake jin nauyinsa. In ya ƙi, ka yi masa godiya, ka ɗauki kankaren da ka riga ka zuba a matsayin asara, ka nemi wani bakin ruwan da za a ba ka haya a rubuce, ko da ya fi tsada ko ya fi nisa.